Rigar Ruwan Toka a Jikin Bulo

Idona ba ya ciwo, ba ya ruwa, ba ya ja. In ka kalle ni ba za ka ce da wani abu ba. Amma saboda idon nan aka kwantar da wani bawan Allah mai sayen gwangwan a bakin layinmu a Unguwar Boro, aka hau shi da katako da bulo, har aka kai ga neman taya. Ni karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya. Na ce dai sai na rubuta yadda abin ya kasance, don har yau in mata suka ɗauko zancen a wurin ɗiban ruwa, kowa da inda take karkata shi.

Bayan na haifi ɗana abin ya soma. Ba duhu nake gani ba. Baƙi a kan fari ina ganinsa tar. Amma abu biyu in launinsu ya yi kusa, sai su narke su zama ɗaya. Tsakuwa a cikin shinkafa, sai haƙorin maigida ya gaya mini. Ruwa a farar tukunya, ban san ya cika ba sai ya zubo mini a ƙafa. Bakin kwata da simintin hanya duk shimfiɗa ɗaya ce a wurina, ƙaurina ya sha shaida. Mutum in yana tsaye a inuwa, fuskarsa kamar an goge ta da tsumma, sai ya yi magana nake sanin irin gaisuwar da zan yi masa. In rana ta take da sauƙi, inuwa tana yi wa kowane abu gefe. In hadari ya rufe kuwa, duniya takan koma kamar kunun da aka tsinka da ruwa.

An taɓa kawo masu duba ido kyauta a cocinmu. Aka sa na rufe ido ɗaya, na karanta baƙaƙen da ke jikin farin allo har 'yan ƙananan na ƙasa. Matar ta yi dariya ta ce, "Madam, ai idonki ya fi nawa. Tashi ki ba na baya wuri." Na so in ce mata ta rubuta su da toka a kan siminti ta gani, amma layi ya yi tsawo, ana ta tsaki a bayana. Daga ranar maganar ta mutu a gidanmu. In na fasa kofi, garaje ne. In na wuce matar fasto ban gaishe ta ba, girman kai ne.

Sai na nemo dabarar kaina. Tun da yaron ya fara rarrafe ban taɓa saya masa riga ba sai ja. In na je wurin 'yan gwanjo a bakin titin Gonin Gora, mai kayan yana hango ni zai fara tono jajaye. Tsakar gidanmu siminti ce, katanga bulo ce ba fenti, yaron kuma kullum jikinsa buɗu-buɗu da ƙasa. To in na ɗaga kai daga wanki, ba yaro nake nema ba, ja nake nema. Na ga ja yana motsi, zuciyata ta kwanta. Maƙwabta suna ce masa ɗan tumatir. Ban gaya wa kowa dalili ba, har ubansa, don ina tsoron a ce ba zan iya riƙon ɗa ba.

A shekarar kuma unguwa ba ta zaune lafiya. Layinmu ne na ƙarshe, bayanmu sai kangwaye da gonakin masara, sai daji. Ana ta jin an ɗauke wane, an ɗauke wance. 'Yan sintiri suka bi gida gida suka raba usur. Dokar ita ce, in ka ji an busa ba ka tsayawa tambaya, ka ɗauki abin da hannunka ya kai ka fito, kai ma kana busa naka don na gaba su ji. Wasu a ƙusa suka rataye nasu. Ni nawa da zare yake a wuyana, ko wanka zan shiga.

Cikin damina surukata, uwar mijina, ta zo daga ƙauye ta yi mana kwanaki. Mace ce mai kirki, amma ba a yi mata musu. Ranar da abin ya faru maigida yana wurin waldarsa a Trikania. Da la'asar na ɗauki wake zan kai markaɗe, na ce, "Mama, ga shi nan, yanzu zan dawo." Yaron yana zaune kusa da ita da jar rigarsa, yana buga murfin tukunya. Bai cika shekara uku ba. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin.

Na tarar da layi a wurin injin. Ko da na dawo gari ya dushe, iska tana kaɗa kwano. Mama tana ta kwashe shanya. Na duba tsakar gida, babu ja.

"Mama, ina yaron?"

"Yanzu-yanzu yake nan. Duba ɗaki."

Ba ya ɗaki. Ba ya ƙarƙashin gado, ba ya bayan durom, ba ya makewayi. Ƙofar gida a buɗe take, ni na bar ta haka don hannuna da roba. Na fita ina kiransa. Jikin gidanmu akwai kangon da mai shi ya kai linta ya tsaya, yara suna yawan shiga wasa. Na tsaya a bakin ƙofarsa na leƙa ɗaki ɗaki. Bulo, yashi, tarin buhunan siminti da aka juye aka watsar a lungu. Babu ja. Na fito.

Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Maman biyu, tana suyar awara a ƙofar gidanta. Ta ce, "Amarya, lafiya kike haki kamar an koro ki?" Har yau Amarya take ce mini.

"Yarona ban gan shi ba."

"Kin duba kango?"

"Na duba. Ba ya nan."

Ta sauke kasko ta tashi. Muka leƙa rijiya, muka shiga gidaje, muka tambayi mai shago. Duk wanda ya nufi kangon sai a ce masa uwar ta duba. Sai wata mata ta ce, ai ɗazu mai gwangwan ya wuce ta nan da kurarsa, da wani ƙaton buhu a kai, kuma ya tsaya daidai ƙofarmu. Na san shi. Ba fuskarsa ba, muryarsa. Yakan tsallako kogi ya zo yana kiran gwangwan, gwangwan, da wata 'yar siririyar murya, na taɓa sayar masa da tsohon risho. Amma lokacin ba risho na tuna ba, buhun na ji. Ban san sa'ad da usur ya shiga bakina ba.

Na busa. Gidan gaba ya amsa, na bayansa ya amsa, kafin ka ce me duk unguwa ta ɗauka kamar tsuntsaye sun ga maciji. Maza suka fito da katako, da adda, da taɓarya, wani da rodi. Masu acaba suka juya babura. Ba su daɗe ba suka taro shi can wajen kwalbati, suka jawo shi ta wuyan riga har bakin layinmu, wani yana turo kurar a baya.

Dattijo ne ashe, siriri. Yana cewa, "Lafiya? Bayin Allah, lafiya? Me na yi?" Amsar da ya samu mari ne, har hularsa ta tashi.

"Ina yaron? Fito da shi!"

"Wane yaro? Wallahi ban ɗauki yaro ba. Ku buɗe buhun ku gani."

Aka sa adda aka farke buhun. Ƙarafa suka zubo, tsohon kan fanka, gwangwanaye, tayar keke. Na ɗauka za a sassauta. Sai wani ya ce, "Ya riga ya miƙa shi! Haka suke yi, ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya karɓa a bayan masara." Nan aka rufe shi.

Ban ga dukan sosai ba, jikuna ne kawai suke tashi suna sauka, duk sun haɗe da duhun hadari. Amma na ji. Katako in ya sauka a bayan mutum ƙararsa daban, in ya sauka a kai daban. Na ji wani abu ya karye ƙas, dattijon ya yi wata ƙara irin ta akuyar da aka take. Ana zaginsa da Hausa, ana zaginsa da buroka, ana zaginsa da yarukan da ban sani ba. Mai ɗinkin layinmu, wanda ke jagoran waƙa ranar Lahadi da murya mai sanyi, na ji shi yana cewa, "A fasa masa gwiwa, zai faɗa." Wani ya ɗauko bulo guda ya ɗaga sama da hannu biyu. Dattijon tun yana rantsuwa har ya koma salati, salatin ma ya koma gurnani. Ni kuma ina tsaye ina ihu, "Ku tambaye shi! Kar ya mutu bai faɗa ba!" Abin da nake cewa ke nan.

Sai na ji an ce a kawo taya. Wani mai acaba ya ce akwai fetur a tankinsa, a samo masa gora.

Surukata tana bayana zaune a ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana kuka da yarenmu. "Wayyo jikana, wayyo maigidana, ko ɗumin sabuwar rigarsa bai ji ba."

Na juya. "Mama, wace sabuwar riga?"

"Wadda na zo masa da ita mana. Na cire masa jan nan. Ke ba ki ga hadari ba? Wa ke barin yaro da jan kaya ana tsawa? So kike aradu ta faɗo masa?"

"Wane launi ce?"

"Ana wannan tashin hankali kina tambayar launi?"

Na kama kafaɗunta na girgiza ta, abin da ban taɓa yi ba. "Mama, wane launi?"

"Ruwan toka."

Na sake ta na ruga. Wannan karon ban tsaya a bakin ƙofar kangon ba, ban ma yi amfani da ido ba. Na durƙusa na bi jikin bango da tafin hannu, ina shafa ƙasa kamar mai neman allura. Ƙusa ta yanke ni ban ji ba. A lungun da buhunan siminti suke, hannuna ya sauka a kan abu mai ɗumi yana numfashi. Ya dunƙule a kan buhunan yana barci, yatsa a baki, duk ƙurar siminti ta rufe masa ƙafa da kai. Inda na kalla ɗazu ne. Daidai inda na kalla.

Na suri shi ya farka da kuka. Ban tsaya rarrashi ba, don ta tagar kangon na ji an turo tayar tana gungurowa, yara suna bin ta da shewa. Na fito da gudu. Kwatar ƙofar gidanmu da na saba ƙetarewa da lissafi, ranar na manta da ita, ƙafata ta zurma na faɗi a kan gwiwa, na ɗaga yaron sama don kar ya bugu. Na tashi ina ɗingishi.

"Ga shi! Na gan shi! Ku bari!"

Wa zai ji? Usur bai daina ba, mutanen wasu layuka sai ƙaruwa suke, waɗanda ba su ma san yaron wa ake nema ba. Na kutsa, aka turo ni baya da gwiwar hannu a ƙirji. Wani ƙato ya ce, "Madam, matsa da yaro daga nan, ba wurin mata ba ne." Na ce masa ni ce uwar, wannan ne yaron. Bai ko juyo ba. Warin fetur ya bugi hancina.

Maman biyu ce ta gan ni. Ta fizge yaron daga hannuna ta ɗora shi a wuyanta, ta hau kan bencin awararta, ta buɗe muryar nan tata da ake ji har bakin titi. "Ga yaro! Ku 'yan banza, ga yaron nan da ransa! Ku ɗaga ido, 'ya'yan asara!" Na gefe suka fara juyowa. Amma na tsakiya sun yi nisa.

Na sunkuya na bi ta tsakanin ƙafafu. Da na isa tsakiya ban ga mutum ba. Ƙasar layinmu ja ce, ta jiƙe da ruwan jiya, shi ma ya jiƙe da jini da taɓo, duk sun zama abu ɗaya. Tayar kawai na gani, baƙa, da numfashi yana fita ta ƙarƙashinta da wani irin kakari. Na faɗa a kai. Na rungume taya da mutum gaba ɗaya, fetur ya jiƙa mini zane. Katakon da aka riga aka ɗaga ya sauka a kafaɗata, hannuna na hagu ya mutu nan take. Wani ya sauka a ƙuguna. Aka kama ƙafata ana ja, na maƙale.

"Ku ƙona mu tare!" Haka aka ce na yi ta faɗa. Ni ban tuna ba.

Abin da na tuna shi ne muryar Baba mai gidan da muke haya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da ƙyar yake tafiya da sanda. "Wanda ke riƙe da ashana, na gan ka, na san ubanka. Ajiye ta." Sai wuri ya fara yin shiru daga ciki zuwa waje, ana jin kukan yarona a saman benci.

Wani ya ce, "To ko bai saci yaro ba, ai suna satar tukwane."

Baba ya ce, "Tukunyar uwarka ce ta ɓata? Zo ka faɗa mini a nan." Ba wanda ya zo.

Aka fara yayyafi. Mutane suka soma zamewa ɗai-ɗai, kowa yana ajiye katakonsa a hankali a jikin katanga kamar aro ya yi. Mai ɗinki ya matso yana cewa, "A ba shi iska, a ba shi iska," sai ka ce yanzu ya iso.

Surukata ta ratso ta tsaya a kaina. "A ina kika same shi?"

"A kango."

"Kangon da kika ce kin duba?"

"Na duba, Mama. Ban gan shi ba. Rigar da bulon..."

Ta wanke ni da mari a gaban kowa. "Makauniya ce ke?"

Na ce, "In abu ya yi kama da abu, ba na gani. Tun haihuwarsa." Ta tsaya da hannu a sama. Maman biyu ta sauko daga benci ta ce, "Mama, a bar wannan tukuna, mutum yana mutuwa."

Muka cire masa tayar, ni da hannu ɗaya. Da na taɓa fuskarsa don in share taɓon, haɓarsa ta motsa a hannuna ta inda bai kamata ba. Masu keke napep biyu suka ƙi ɗaukarsa, suka ce ba sa son maganar 'yan sanda. Na uku sai da Baba ya shiga gaba ya zauna ya ce shi zai yi bayani. Aka shimfiɗe shi a baya, kansa a cinyata, ruwa ya kece. Duk ramin da keken ya faɗa sai ya yi nishi, ni kuma ina murna da nishin, don in ya yi shiru ban san ko yana nan ba. Ina ta ce masa, "Malam, sannu. Malam, mun kusa." Ya kama zanena ya damƙe.

A asibiti aka shige da shi, ni aka ɗaure mini kafaɗa. Maigida ya iso da kayan aikinsa a jiki. Ya ji labari daga bakin Baba, ya daki bango da hannu har fatar ta saluɓe, sannan ya zo ya zauna kusa da ni. 'Yan sanda sun zo unguwa washegari, kowa ya ce yana ɗaki lokacin.

Kurar tana jingine a bayan gidanmu, Baba ya sa aka kawo ta nan. Bayan kwanaki wani mutum ya yi sallama da hantsi, ya ce shi wan mai gwangwan ne, ya zo ɗaukar kaya. Na ce ya shigo, ya ce nan ma ya isa. Na kawo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

"Malam, yaya jikinsa?"

"Da sauƙi. An ɗaure haɓar da waya, kunu yake sha da tsinke. Haƙarƙari za su haɗe, in ji su."

"Hannun fa?"

"Na dama ba ya damƙa. Sun ce a jira a gani." Ya dubi yaron da ke riƙe da zanena. "Wannan ne?"

"Shi ne."

Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. "Allah ya raya," ya ce.

Na ce ina so in je in gaishe shi, ni da maigida, in ya faɗa mana unguwar. Ya girgiza kai. "Kar ki je yanzu. Matarsa ba ta huce ba. Shi dai ya yi mana nuni da hannu cewa wata mata ta kwanta a kansa, ba mu gane ba sai da tsohon nan ya yi bayani." Ya ajiye kofin a bakin ƙofa. "Kuma an ce ke kika busa."

"Ni ce."

"To."

Ya tattara 'yan ƙarafan da suka rage, don yara sun kwashe masu nauyin. Ya ɗaure farkakken buhun da igiya. Ƙafar kurar ɗaya ta lanƙwashe, sai da ya taka ta ya miƙar kafin ta yarda ta juya. Na tambaye shi ko ƙanen nasa zai koma sana'a. Ya ce, "In hannun ya tashi. Amma ba ta wannan ƙetaren ba." Ya tura kurar ya bi layi, tana ƙara tana karkata gefe guda, mutanen da ke ƙofar gidajensu suna shigewa ciki kafin ya iso.